Injin fatsar da muka tsinta a adakar Baba: na 1960 ne ko na bayan canjin kuɗi?

Abban Sadik:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman masu ido a kan tsofaffin kaya. Jiya muka buɗe adakar mahaifinmu, wadda tun rasuwarsa take ƙarƙashin gadon Hajiya ba wanda ya taɓa ta. Cikin takardu da tsofaffin hotuna sai ga wata 'yar jakar fata mai maɓalli. Da na buɗe na tarar da wani ƙarfe ja jawur, kamar gwangwanin madara a kwance, yana da hannun juyawa mai kai biyu, an naɗe masa zaren roba har ya bushe, ana taɓawa yana karyewa. An rubuta Ambassadeur 5000 a gefe, ga ABU, ga Sweden. A cikin jakar akwai ɗan mazubin mai da ɗan ƙaramin sifana. Ga hotuna nan na saka.

Baba ya daɗe yana aikin kuku a gidajen Turawa a Bompai. Babban yayanmu ya ce Baturen da ya koma gida lokacin 'yancin kai ne ya bar masa, wato 1960 ke nan. Wani maƙwabcinmu kuma da ya gani ya ce mu ɓoye, irin wannan miliyoyi ake saye. Ni tambayata: mene ne ainihinsa, kuma ta yaya ake gane shekarunsa?

Maman Ilham:
Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ni da na ga hoton na ɗauka wani ɓangare ne na keken ɗinki.

Ɗan Wudil:
Allah ya gafarta masa. Injin fatsa ne, ana ɗaura shi a sanda. Amma fa mu da muka gaji su ba kayanmu ba ne. Mu taru muka sani da birgi da kalli da mamari da gora. Fatsa ma a wajenmu sanda ce da zare da ƙugiya da tana, shi ke nan. Wannan na masu zuwa bakin ruwa shan iska ne, waɗanda ko ba su kama komai ba za a ci tuwo a gidansu.

Gwangwan Ƙofar Ruwa:
Kawo in ɗora a sikeli, yanzu za ka ji tarihinsa.

Kawu Na-Tiga:
Kai Gwangwan, ka ji tsoron Allah. Abban Sadik, Allah ya jiƙan mahaifinka. Ka samu abu mai kyau. Na fi shekara talatin ina jefa fatsa a Tiga da Bagauda, kuma irin wannan jan na riƙe kafin in koma na zamani.

Kamfanin ABU na ƙasar Suwidin ne ya ƙera shi, a wani ƙaramin gari da ake kira Svängsta. Sun fara fitar da Ambassadeur a 1952, kuma jan 5000 ɗin nan sun yi shekara da shekaru suna buga shi ba tare da sun sauya kamanninsa sosai ba. Nan ne matsalar take. In ka tsaya daga nesa, na 1958 da na 1978 duk ja ne, duk hannu ɗaya, duk tambari ɗaya. Saboda haka launi ba zai gaya maka komai ba.

Ga abin da za ka yi min. Juya shi ka duba ƙafarsa, wato ɗan faffaɗan ƙarfen da ke zama a kan sanda. A ƙarƙashinta akwai lamba da aka buga. Kada ka kankare da wuƙa, goga alli ko hoda a wurin ka share da yatsa, lambar za ta fito fara. Sannan ka ƙirga min notin da ke gefen da babu hannu, uku ne ko huɗu. Na uku, ka duba ko akwai kalmar Record a jikinsa.

Mai Agogo Fagge:
Kawu ya faɗi gaskiya. Bari in ƙara abin da ya shafi sana'ata, don abin nan ɗan gidanmu ne. Kamfanin tun 1921 agogo yake yi, da mitar da ake sa wa motar haya tana ƙirga kuɗi. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, kasuwar mitar ta mutu, sai suka juya injinansu zuwa kayan kamun kifi, suka fitar da na farko a 1941 da sunan Record. Shi ya sa in ka buɗe cikinsa za ka ga aikin mai agogo ne, haƙoran giyar sumul, komai ya zauna daram.

Abban Sadik, in ka samu dama ka ɗauko min hoton kan kowane noti kusa-kusa. Kan noti ba ya ƙarya. In an taɓa kwance shi da sukundireban da bai dace ba, tsagar za ta nuna.

Abban Sadik:
Na gode Kawu, na gode Malam. Dabarar allin ta yi. Lambar ita ce 750400. Noti uku ne. Babu Record ko'ina, na duba har da fitilar waya. Kan notin biyu lafiya, ɗaya ya ɗan ci.

Kawu Na-Tiga:
To, madalla. Ɗana, sai dai ka yi haƙuri, abin nan bai ga 1960 ba.

A tsakiyar shekarun 1970 lambar ƙafa shida ce, kuma biyu-biyu ake karanta ta. Biyun farko shekara, biyun tsakiya wata, biyun ƙarshe kuma suna nuna ko an yi wa ƙirar wani gyara. Taka 75, 04, 00. Afrilun 1975 ke nan, ƙirar da ba a sauya mata komai ba. Sauran shaidun ma sun bi bayanta. Na farko-farkon nan na shekarun 1950 suna ɗauke da sunan Record, kuma tsofaffin noti huɗu gare su a gefe, daga baya aka koma uku. Ta ɗaya wajen kuma, ba a rubuta Abu Garcia a haɗe ba, sunan da kamfanin ya koma bayan ya sayi Garcia ta Amurka a farkon shekarun 1980. Ka ga an tsare shi gaba da baya.

Yaya Babba:
Assalamu alaikum. Ni ne yayan nasa, shi ya sa ni a zauren nan don in ga abin da ake cewa. Da girmamawa Kawu, amma ni da kunnena na ji Baba yana cewa Baturensa ya ba shi kyauta ranar da zai tafi, shekarar da aka sauke tutar Ingila. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Yanzu lamba shida da aka goga wa alli ita za ta ƙaryata mutumin da abin ya faru a gabansa? Wa ya ce ma 75 ɗin shekara ce? Ba mamaki lambar lissafinsu ce kawai, na dubu ɗari bakwai da hamsin da suka ƙera.

Kawu Na-Tiga:
Wa alaikumus salam Alhaji. Subhanallahi, ba wanda ya ƙaryata Baba. Tambayarka kuma tana kan hanya, domin wasu kamfanonin haka suke yi, kowane inji da lambarsa. Amma wannan ba lambar ɗai-ɗai ba ce, ta rukuni ce. Duk waɗanda aka haɗa a zubi ɗaya lamba ɗaya suke ɗauka. In ka tara goma na wancan zamani ka jera, za ka ga biyun tsakiyar ba sa wuce 12. Lissafin kai-tsaye ba ya tsayawa a 12, watanni ne ke tsayawa.

Mai Agogo Fagge:
Amma Kawu, a ba Alhaji haƙƙinsa. Ƙafar manne take da gangar jikin, kuma gangar jiki ana sauya ta. Ni nan sau nawa ake kawo min agogo, gida na wani, inji na wani, fuska ta wani. In tsohon ya faɗi ya lanƙwashe, Bature zai iya sayo sabuwar ganga ya mayar da tsofaffin gefuna. Kuma ga noti ɗaya ya ci, alamar an taɓa shiga ciki.

Yaya Babba:
Yawwa. Allah ya yi maka albarka Malam.

Kawu Na-Tiga:
Ana yi, ban musa ba. Shi ya sa ban tsaya kan lambar kaɗai ba. Da gefunan tsofaffi ne, da ramin noti huɗu za mu gani. In ka ce an sauya ganga, an sauya gefen hagu, to me ya rage na 1960 ɗin, jakar? Noti ɗaya da ya ci kuwa, duk mai irin wannan yana buɗe shi ya sa mai, shi ya sa ma suke haɗo shi da sifana.

Kuma Alhaji ka duba wani abu. A 1960 ina Baturen Bompai zai je ya yi jifa da wannan? Sai dai kogin Wudil ko Challawa, ko ya yi doguwar tafiya. Manyan madatsun nan duk na zamanin Audu Baƙo ne da bayansa. Bagauda ta riga, Tiga aka gama a 1974, ta Challawa da ke Ƙaraye ma sai 1992. Shekarun da ruwa ya taru a Kano su ne shekarun da kayan nan suka yawaita a hannun Turawa da Kwarori da manyan ma'aikata.

Ɗan Wudil:
Kawu a nan kam zan ɗan ja. Kogin Wudil ba ƙaramin ruwa ba ne kafin a tare shi a sama. Kakana yana ba da labarin giwan ruwan da sai mutum biyu suke ɗauka. In don wurin jifa ne, akwai shi tun kafin Tiga.

Kawu Na-Tiga:
Na karɓa. Wannan hujjar tawa mai rauni ce, a cire ta. Lamba da noti suna nan dai.

Gwangwan Ƙofar Ruwa:
Tunda abin ya zama na masana, ga wani a rumfata ya fi wata shida. Baƙi ne, jikinsa kamar ƙwai, an rubuta Mitchell da Made in France. Sai dai ya karye, wayar nan da ke zagaye kan ta rabi ce kawai ta rage. Na so in kai a yi mata walda in sayar wa yara.

Kawu Na-Tiga:
Kada ka kuskura! Ɗauko hoton bakin wayar. In bakin a gyare yake, mai santsi, ba tsagin karaya, to haka aka ƙera shi.

Gwangwan Ƙofar Ruwa:
Ga shi. Sumul yake kam, har da ɗan lanƙwasa a ƙarshe.

Kawu Na-Tiga:
Gwangwan, naka ya girmi na su Abban Sadik da wajen shekara ashirin ko fi. Wannan shi ne Mitchell na farko-farko, wanda daga baya aka sa wa lamba 300. A garin Cluses na Faransa ake yin su, kamfanin Carpano da Pons, kuma a ƙarshen shekarun 1940 suka shiga kasuwa. Dalilin rabin wayar ba tsimi ba ne. Kamfanin Hardy na Ingila ne ya yi rajistar cikakkiyar wayar, mai kamar baka, tun 1932 a kan injinsa Altex, doka ta hana kowa yin irinta. Sai sauran suka riƙa yin rabi, har wa'adin rajistar ya ƙare a 1954, kowa ya koma cikakkiya. Don haka in ka ga mai rabin waya na asali, ka san kana wajen 1954 ko kafin nan.

Gwangwan Ƙofar Ruwa:
Innalillahi. Kawu ka san nawa na fasa irin waɗannan? Da guduma muke raba su, alminiyam gefe, tagulla gefe. Alminiyam ɗin masu zubin tukwane ke saye. Wallahi wata tukunyar da ake dafa shinkafar biki a garin nan akwai Faransa a cikinta.

Maman Ilham:
Gwangwan ka kashe ni da dariya. Amma tsakani da Allah abin da Kawu ke yi shi muke yi da kekunan ɗinki. Tsohuwar Singer lambarta na nan a kan gadonta, da ita ake gane shekararta. Kuma mu ma ana kawo mana kai na Singer, ƙafa ta Butterfly, a ce maka duk na kaka ne. Ni abin da ya ba ni sha'awa, na Gwangwan ɗin kwarkwaronsa tsaye yake, waya ce ke zagaya shi, na Abban Sadik kuma kwarkwaron ne da kansa ke juyawa.

Malamin Tarihi:
Hajiya idonki ya kai inda ya kamata. Iri biyu ne daban, kuma mai kwarkwaro tsaye ɗin daga masaƙa ya fito. Wani mai masana'antar saƙa ne a yankin Bradford ta Ingila, Alfred Illingworth, ya yi rajistarsa a 1905, bayan ya saba ganin yadda zare ke zubowa daga kan kwarkwaro ba tare da kwarkwaron ya motsa ba. Da masaƙanmu na cikin birni sun gani, da sun gane shi nan take.

Tunda an zo nan, bari in ba da tawa gudummawar, don ni ba na kamun kifi amma ina karanta rubutun jikin kaya. Sunan ƙasa kansa kalanda ne. In ka ga West Germany, kamar a kan injin fatsar nan DAM Quick da ake yawan gani a gwanjo, to tsakanin 1949 da 1990 ne, lokacin da Jamus take rabe. Sai dai kada a juya maganar, domin akwai kamfanonin Yamma da suka ci gaba da rubuta Germany kawai a wancan lokacin. In ka ga USSR, kafin ƙarshen 1991 ne. In ka ga Occupied Japan, shekarun bayan yaƙi ne, bai wuce 1952 ba. In Shimano ne, waɗannan da muka sani da giyar keke, ba su shiga kayan kifi ba sai 1970, ko da mai sayarwa ya rantse na zamanin Sarki Alhaji ne.

Na Amurka kuma sukan buga lambar rajistar ƙira a jiki. Lambar ta kai miliyan 2 a 1935, miliyan 3 a 1961, miliyan 4 a 1976. Wannan tana gaya maka abin ba zai girmi shekarar ba, amma zai iya zama ƙaninta da nisa, don ana ci gaba da buga lamba ɗaya shekaru.

Namu na gida ma akwai. In kwali ko rasit ya zo da farashin fam da sule, kafin 1 ga Janairun 1973 ne. In naira da kwabo ne, bayan nan.

Mai Agogo Fagge:
Malam, kwali dai a yi hankali da shi. Kwali ya fi komai yawo.

Malamin Tarihi:
Haka ne. Shi ya sa na sa shi a ƙarshe.

Auwalu Kurna:
Don Allah ku bar dogon Turanci. Nawa za a saya? Kuma gaskiya ne akwai jar zaiba a cikin irin waɗannan? Wani ya ce min in ka kara waya a jiki sabis ya ɗauke to akwai.

Kawu Na-Tiga:
Auwalu, babu komai a ciki sai giya da giris da ya daskare. Maganar jar zaiba an yi ta a kan keken Singer, an yi ta a kan dutsen guga mai zakara, an yi ta a kan tsohuwar rediyo. Damfara ce, kuma an lalata kayan gado da yawa a kanta.

Kuɗi kuwa, kada maƙwabci ya sa wa Abban Sadik rai. Jan 5000 na shekarun 1970 an ƙera su da yawan gaske, duniya cike take da su. Abin da ya ɗaga nasa shi ne jakar da sifanan da mazubin man duk suna nan, fentin kuma bai ci ba. Masu tara irin waɗannan sun fi son wanda ba a taɓa ba, ko da da datti, a kan wanda aka goge yana walƙiya. Mai Record ko mai noti huɗu ya fi shi daraja. Na Gwangwan ma, in cikinsa lafiya, ya fi shi wuyar samu.

Gwangwan Ƙofar Ruwa:
Na ɗauke shi daga ƙasa, yanzu yana cikin durowa tare da kuɗi.

Abban Sadik:
Mu dai ba sayarwa za mu yi ba. Kawu, hannun yana juyawa amma da nauyi, kuma ɗan ƙarfen nan da ke kai da kawo a gaba yana tsayawa a gefe ɗaya. In kai wa bakanike?

Kawu Na-Tiga:
A'a. Bari in ba ka labarin nawa. Shekarun baya na kai wa wani mai gyaran janareta a unguwarmu, don na ga hannunsa na da kyau. Na dawo da yamma na tarar ya jiƙa shi gaba ɗaya a fetur, ya bi gefunan da samfefa wai yana cire datti, jan ya koma fari-fari kamar tsohuwar tasa. Wannan duk da sauƙi. A jikin kwarkwaron akwai wasu 'yan ƙanana guda biyu kamar ƙwayar shinkafa, a zure a kan wasu siraran ƙarafa. Su ne birkin. In ka yi jifa kwarkwaron ya ɗauki gudu, sai su buɗe su goga a jikin zobe su rage masa gudu, don kada zaren ya cukurkuɗe. Shi ya ɗauka datti ne, ya kaɗe su a ƙasa. Muka durƙusa ni da shi da yaronsa muna tankaɗe ƙasar rumfar da rariya har aka kira magariba. Ɗaya muka samu. Tun daga ranar in na yi jifa sai zare ya tashi kamar sheƙar tsuntsu.

Kai wa Mai Agogo. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya ɗauki hoto kafin ya cire kowane abu. Kananzir kaɗan da tsohon buroshin haƙori ya isa wanke giyar, amma kada ya taɓa fentin da robar hannun, waɗannan ruwan ɗumi da sabulu kawai. Giris kaɗan a haƙora, man keken ɗinki ɗigo ɗaya a kowane bakin sandar kwarkwaro. Wannan samfurin bushin gare shi, ba boris ba. Masu boris su ne ake ƙara wa C, kamar baƙin 5000C. Mai kai da kawon kuma, akwai ɗan haƙori a ƙarƙashinsa da ke bin tsagar dogon ƙarfen, ko datti ya cushe shi ko ya cinye. Ka leƙa jakar da kyau, sukan saka na sauyi a ɗan bututu.

Abban Sadik:
Akwai ɗan bututun! Na ɗauka na allura ne. Akwai 'yan ƙananan ƙarafa a ciki.

Mai Agogo Fagge:
Kada ka buɗe shi a kan tabarma. Kawo min ranar Asabar bayan azahar.

Yaya Babba:
Ni dai har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Bari mu tambayi Hajiya, ita ce ta zauna da shi.

Maman Ilham:
Da tun farko ita aka fara tambaya, da ba a kai ga alli ba. Amma ku maza sai kun gama musu tukuna.

Abban Sadik:
Jama'a na dawo. Bayan isha muka zauna da Hajiya ni da Yaya, na ajiye mata jakar a gabanta. Ba ta ko buɗe ba ta ce, wannan ai na Dogo ne. Ashe Turawa biyu Baba ya yi wa aiki da suka ba shi kyauta. Na farkon, wanda ya tafi lokacin 'yancin kai, agogon bango ya bar masa, wanda ke ɗakin Yaya yanzu haka. Na biyun wani dogon injiniya ne da ke aikin noman rani a wajen Kadawa, su suke ce masa Dogo. Duk Lahadi sai ya ɗauki Baba a mota su tafi Tiga, shi yana jifa, Baba yana soya abin da aka kama a bakin ruwa. Ta ce yawanci ma ba ya kama komai, wajen masunta Baba ke saye a ɓoye don kada a dawo wa uwargida hannu rabbana.

Na ce mata wace shekara ya tafi? Ta ce ita ba ta riƙe shekara, amma an riga an yi canjin kuɗi, an ci Udoji, wato ƙarin albashin nan na ma'aikata, kuma tana goyon Yaya Asabe aka kashe Murtala, bai fi wata biyu ba bayan nan Dogo ya yi sallama.

Malamin Tarihi:
An kashe Janar Murtala ranar 13 ga Fabrairun 1976. Wato wajen Afrilun 1976 ya tafi, injin yana da shekara ɗaya da ƙerawa. Lissafin Hajiya da na Suwidin sun haɗu.

Ɗan Wudil:
Na faɗa muku. Ko Baturen ma a wajenmu ya ci kifi.

Yaya Babba:
To, na sallama a kan injin. Ni na haɗa labari biyu, Allah ya yafe mana. Kawu ka yi haƙuri in na yi zafi. Amma agogon bangon dai na 1960 ne, wannan ba mai taɓa min shi.

Mai Agogo Fagge:
Alhaji, in za ku zo ranar Asabar a taho da shi. Akwai lamba a bayan injinsa.

Yaya Babba:
Ba zan kawo ba.

Kawu Na-Tiga:
Babu komai Alhaji, ai gida ɗaya ne. Abban Sadik, in an gama gyara ka cire tsohon zaren nan duka, ya mutu. Ka sa sabo, kada ka cika kwarkwaron har baki. Ina da sandar da za ta ɗauke shi. In ruwa ya ja baya bayan damina sai mu je Tiga in koya maka ɗora babban yatsa a kan kwarkwaro, don jifan farko da irin wannan kowa sai ya yi sheƙar tsuntsu.

Ɗan Wudil:
Ku gaya min ranar, in sa ƙanena ya jira ku da tarwaɗa a bakin ruwa.

Gwangwan Ƙofar Ruwa:
Kawu kafin ka tafi, yaro ya kawo min wani yanzu a buhu, kore ne, babba, an rubuta Penn 704. Hannun ya ɓace. In fasa ko in ajiye?

Kawu Na-Tiga:
Ajiye. Na Philadelphia ne, koren ya girmi baƙin mai ruwan zinare. Turo hoton ɗaya gefen, kuma ka tambayi yaron inda ya samo buhun, wataƙila hannun yana can.